Hawan Kogin Amazon a Jirgin Talakawa: Daga Belém Zuwa Tabatinga

Da zarar an ambaci kogin Amazon, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne mesa da kada da kifin nan mai haƙora da ake kira piranha. Ba laifinsu ba ne, abin da talabijin ta nuna musu ke nan. Amma tambayi wanda ya yi kwana goma sha biyu a kan ruwan, zai gaya maka cewa mesar ko inuwarta bai gani ba. Abin da ya hana shi barci sauro ne, da cikin da ya ɓaci, da ruwan da ya janye ya bar jirgi a kan yashi, da kuma wani mai fara'a da ya roƙe shi ya riƙe masa ƙunshi zuwa gari na gaba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma wannan jagorar kan waɗannan hakukuwa za ta fi daɗewa.

Hanyar da nake nufi tana cikin ƙasar Barazil. Ta tashi daga Belém, kusa da inda kogin ke shiga tekun Atilantika, ta bi ta Santarém da Manaus, ta ƙare a Tabatinga, inda Barazil da Kolombiya da Peru suka haɗa iyaka. Sama da kilomita 3,000 ne, duk a kan ruwa. A yankin nan kogi shi ne titi, jirgin ruwa kuma shi ne motar haya: da shi ake zuwa asibiti, da shi ake kai amarya, da shi ake safarar siminti da ayaba da babura. Irin wannan jirgin za ka shiga, ba na 'yan yawon buɗe ido ba.

Mataki na farko: duba ruwan kafin ka duba tikiti

Amazon ba shi da kama guda. A kowace shekara ruwan yakan hau ya sauka da kimanin mita 10 a Manaus, wato tsayin bene mai hawa uku. Damina a can tana kamawa daga wajen Disamba zuwa Mayu, ruwa ya kai ƙololuwa a watan Yuni, sannan ya dinga ja da baya har Oktoba ko Nuwamba.

In ka je lokacin cika, daji ne za ka tarar a cikin ruwa. Kwalekwale zai ratsa da kai ta tsakanin rassan bishiyoyin da 'yan watanni baya sai an ɗaga kai ake hango su. Mutanen wurin suna kiran irin wannan daji igapó a yankin baƙin ruwa, várzea kuma a yankin ruwan laka. In ka je lokacin janyewa, farin yashi ne ke fitowa a gaɓa, hanyoyin ƙafa su buɗe, kifi ya taru a guri ɗaya har masunci ya gaji da ja.

Da can janyewar ba abin fargaba ba ce. Yanzu ta zama. A watan Oktoba na 2023 ma'aunin ruwa na tashar Manaus ya sauka zuwa mita 12.70, abin da ba a taɓa gani ba cikin fiye da shekara ɗari da ake aunawa, sai kuma a Oktoban 2024 ya ƙara faɗuwa zuwa mita 12.11. Ka gwada wannan da mita 30.02 da ya kai a Yunin 2021. A waɗancan shekaru biyu na fari jirage sun maƙale, garuruwa sun yanke daga duniya, abinci ya yi tsada. Don haka ni shawarata ita ce Yuli ko Agusta: ruwan sama ya lafa, kogi kuma bai riga ya zube ba. Wanda ya nace sai Oktoba, to ya shirya wa jira.

Abu na biyu da za ka yanke shi ne ko gangara za ka yi ko hawa. Jirgi mai gangarowa yakan bi tsakiyar kogi don igiyar ruwa ta tura shi, kuma a wasu wuraren faɗin kogin ya kai yadda gaɓar ke zama siririn zare kore can nesa. Ka yi sauri, amma ba ka ga komai ba. Mai hawa kuwa gaɓa yake raɓa, inda ruwan ba shi da ƙarfi, sai ka wuni kana kallon gidajen katako a kan dirkoki, da yara a kwalekwale, da aku suna ƙetare sama bibbiyu. Daga Belém zuwa Manaus kwana biyar ne a hawa, huɗu a gangara. Daga Manaus zuwa Tabatinga kwana shida ko bakwai a hawa, uku zuwa huɗu a gangara. Ka hau. Ai ba don sauri ka baro gida ba.

Mataki na biyu: takardu da allura

Mai fasfon Najeriya sai da biza yake shiga Barazil. Ofishin jakadancinsu yana Abuja, akwai kuma ƙaramin ofishi a Legas. Mutanen Gana na da nasu a Akara, na Kamaru a Yawunde. Ka fara nema da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Bizar Barazil ba ta shigar da kai Kolombiya ko Peru, kowace da tata, kuma in kana da niyyar zarcewa birnin Iquitos na Peru daga baya, tun daga gida ake gama wannan.

Wajen zaɓen jirgin sama akwai tarko guda. Hanyar da ta bi ta Lisbon ta fi kusa da Belém a taswira, amma mai fasfon Najeriya ko Gana yana buƙatar bizar ratse ko da ba zai fita daga filin jirgin ba. Mutane da yawa sun gwammace su bi ta Adis Ababa zuwa São Paulo, daga nan su kama jirgin cikin gida zuwa arewa.

Allurar zazzaɓin shawara ba abin wasa ba ce a wannan yanki. A yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya, sau ɗaya kuma ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka tabbata allurar ta shiga jikinka da gaske. Kowa ya san ana iya samun katin nan mai ruwan ɗorawa ba tare da an ga allura ba, amma sauron daji ba ya karanta kati.

Sai maleriya, inda Bahaushe ke saurin cewa ai mun saba. Wadda muka saba da ita sunanta falciparum. Wadda ta fi yawa a Amazon na Barazil kuwa vivax ce, mai ɓuya a hanta ta yi lamo, ta tashi bayan makonni ko watanni. Gaskiya ne jinin akasarin mutanen Afirka ta Yamma ba ya saurin karɓar vivax, amma hakan ba garkuwa ba ce cikakkiya, ga kuma falciparum ɗin ita ma tana nan, ga zazzaɓin dengi wanda sauron rana ke kawowa. Ka ga likita ya rubuta maka maganin rigakafi, ka kuma roƙe shi ya yi maka gwajin jinin da ake kira G6PD. Dalilinsa zai zo a ƙarshe.

Kuɗin ƙasar sunansa real. A Belém da Santarém da Manaus za ka sami na'urar cire kuɗi, a ƙananan garuruwa kada ka dogara da ita. 'Yan ƙasa yawanci ta waya suke biya, da wani tsari mai suna Pix, wanda baƙo ba ya samun shiga cikinsa da sauƙi. Saboda haka riƙe tsabar kuɗi, ƙananan takardu, ka rarraba su gida uku a jikinka da jakarka.

Mataki na uku: kaya, musamman gadon lilo

Tikitin talaka a jirgin Amazon ba kujera yake saya maka ba, ba gado ba. Wuri yake saya maka, ƙugiya biyu ko sandar ƙarfe a rufi, inda za ka rataya gadon lilonka. Da harshen Fotugis rede suke ce masa, a bakinsu kuma kamar "heji" yake fita. Kada ka ɗauko shi daga gida. A kasuwar Ver-o-Peso ta Belém da titunan kewayenta ana sayar da su birjik. Zaɓi na auduga, mai faɗi, wanda zai ɗauki mutum biyu ko da kai kaɗai ne. Sayi igiya biyu masu kauri, kowace kamar mita biyu, ka sa mai shagon ya nuna maka ƙullin da ba ya zamewa, ka maimaita a gabansa har sai hannunka ya iya. Ni ban yi haka ba, kuma a daren farko gindina ne ya fara sanar da ni.

Kwanciyarsa ma sai an koya. Wanda ya miƙe sambal a cikinsa kamar gawa zai tashi da baya a lanƙwashe. A karkace ake kwanciya, kai a kusurwa ɗaya, ƙafa a ɗayar, sai yadin ya baje ya zama kamar tabarma.

Ɗauki bargo marar nauyi ko babban mayafi. Za ka yi dariya yanzu, amma iskar asuba a kan ruwa, jirgi na tafiya, tana ratsa ƙashi kamar ta farkon hunturu. Ɗauki riguna masu dogon hannu, farare ko masu haske, da wando mai kauri kaɗan, da silifas na wanka, da tocilar goshi, da man korar sauro mai sinadarin DEET ko icaridin. Ɗauki kwado da 'yar sarƙa don ɗaure jaka a jikin ginshiƙi, ledoji masu zif don fasfo da waya, kofi da cokali da kwanonka, takardar bayan gida, da ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa. Buta kuwa, ƙarama ta roba, kada ka bari a gida, domin ba za ka same ta a can ba. Kan soket ɗinsu daban yake da namu, sai ka nemi mahaɗi tun a Belém. Wuraren caji a jirgi kaɗan ne, kuma mai zuwa da soket mai baki da yawa yakan zama sarkin unguwa.

Mataki na huɗu: zaɓen jirgi da kama wuri

Ba kullum jirage ke tashi ba, kowane da ranakunsa a mako, kuma ranakun na sauyawa. Je tashar da kanka kwana ɗaya ko biyu kafin lokaci. A bakin titi za ka haɗu da 'yan kamasho masu tikiti mai rahusa. Wasunsu na gaskiya ne, amma baƙon da bai iya harshen ba gara ya saya a teburin tasha, a rubuta masa sunan jirgi da rana a jiki. In an yarda, shiga ka leƙa jirgin. Duba ko na ƙarfe ne, domin ya fi na katako ƙwari. Ɗaga kai ka ga ko rigunan kariya na jere a rufi, ka ƙirga su da ido. Leƙa bayan gida. Jirgin da mai shi bai damu da bayan gidansa ba, da wuya ya damu da injinsa. Hatsarin jirgin ruwa a yankin nan yawanci daga lodin da ya wuce kima yake zuwa, abin da mu ma ba baƙonmu ba ne a kogin Kwara. In ka ga ruwa ya kusa taɓa leɓen jirgi, haƙura ka jira na gaba.

Ranar tafiya ka iso da sa'o'i huɗu ko biyar kafin lokaci, domin wuri na wanda ya riga ne. Yawancin jiragen hawa uku ne. Na ƙasa na inji ne da kaya: zafi, ƙara, warin man dizal. Na sama can nan ne kantin giya da lasifika, kiɗa har tsakar dare. Hawa na tsakiya shi ne naka, can wajen gaba, nesa da bayan gida da ke baya, kuma ba a bakin gefe ba inda feshin ruwan sama ke shigowa. Kada ka rataya a ƙarƙashin ƙwan lantarki, in ba haka ba duk ƙwarin daji a fuskarka za su yi taro.

Kada ka yi murna in ka ga fili a gefenka. Kafin jirgi ya tashi za a rataya wani a damanka, wani a hagunka, wani ma a samanka. Gwiwar wata tsohuwa za ta kwana a haƙarƙarinka. Maza da mata a haɗe ake, ba a rabawa. 'Yar'uwa mai tafiya ita kaɗai, ki nemi inda iyali suke, ki rataya kusa da uwa mai yara. Cikin wuni ɗaya za su mayar da ke tasu. Wanda wannan cakuɗuwar ba za ta yi masa ba, akwai ƙananan ɗakuna masu gado biyu da ake kira camarote, kuɗinsu ya ninka, amma akwai ƙofa da makulli.

Mataki na biyar: ci, sha, salla

A wasu jirage abinci na cikin kuɗin tikiti, a wasu kuma saye ake yi. Tambaya tun a tasha. Da safe gahawa ce mai madara da sukari kamar an zuba da gayya, da burodi. Rana da dare shinkafa, wake, taliya, da nama ko kaza. A kowane tebur za ka ga garin rogo mai tsakuwa-tsakuwa, farinha, ana barbaɗa shi a kan komai. Ɗanɗana ka ji: ɗan'uwan garin kwaki ne. Rogon ma asalinsa daga wannan nahiya yake, Turawan Fotugal ne suka ƙetaro da shi Afirka.

Inda musulmi zai buɗe ido shi ne tukunyar wake. Sau da yawa ana jefa mata guntun naman alade ko tsiran alade don ƙamshi, kuma mai dafawa ba ta ɗaukar wannan a matsayin nama. In ka ce ba ka cin porco, za ta ce babu, alhali calabresa na ninƙaya a ciki. Haddace waɗannan: porco, bacon, calabresa, linguiça, presunto, toucinho. Duk alade ne ko akasari alade. Ka tambaya "tem porco?", sannan ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke kiyaye yanka kuwa, mafitarsa peixe da ovo, wato kifi da ƙwai. Kuma kifin Amazon ba abin da za a yi wa mutum jaje a kai ba ne. Tambaqui gasasshe yana da haƙarƙari kamar na ɗan rago. Pirarucu yakan kai mita 3 da nauyin kilo 200, giwan ruwa ma sai ya sara masa. Sai dai a jirgi ba kullum ake dafa kifi ba, don haka yi guzuri: kifin gwangwani, gyaɗa, dabino, biskit. A duk tashar da aka tsaya masu talla za su miƙo soyayyen kifi da 'ya'yan itace a kan doguwar sanda.

Ruwan famfo da na wanka daga kogi ake zuƙo shi kai tsaye, launinsa kamar kunun kanwa. Ya yi wanka, ya yi alwala, tunda lakar da yake bi ta kai ce ta rina shi, amma kada ya wuce maƙogwaro, ko wajen goge baki. Akwai tankin ruwan sha a jirgi. Ni dai na fi natsuwa da na gora ko wanda na jefa wa ƙwayar tace ruwa.

Salla tana da sauƙi fiye da yadda za ka zata. Kusan a kan layin da ya raba duniya biyu kake, rana na fitowa wajen ƙarfe shida ta faɗi wajen shida duk shekara. Alƙibla gabas ce mai karkata arewa. Matsalar ita ce kogin maciji ne, jirgi na juyawa, don haka duba kamfas daf da kabbara. Wuri mafi kyau shi ne hawan sama da asuba, lokacin masu kiɗa sun yi barci. Za a kalle ka, wani ma zai tambaya, amma kallon mamaki ne ba na ƙi ba. Agogo kuma sai ka dinga gyarawa: Najeriya na gaban Belém da awa 4, Manaus da awa 5, Tabatinga da awa 6.

Sata a jirgi ta ƙananan abubuwa ce, kuma lokacinta sananne ne: in an tsaya a tasha, musamman da dare, mutane na shiga da fita. Fasfo da kuɗi da waya su kwana a jikinka cikin gadon lilo. Sauran lokaci maƙwabtanka su ne masu gadinka, in ka gaishe su, ka miƙa wa yaransu biskit.

Abin da za ka wuce

Ranar farko jirgi zai kutsa mashigin Breves, a gefen tsibirin Marajó, inda hanyar ke tsukewa har ka ji kamar ka miƙa hannu ka tsinki ganye. A nan yara ke fitowa a ƙananan kwalekwale, wasu su jefa ƙugiya su maƙale a jikin jirgi yana gudu don su sayar da jatan lande, fasinjoji kuma su dinga jefa musu tufafi a ƙulle cikin leda. In kana da abin bayarwa, ƙulle shi da kyau yadda zai yi iyo.

A Santarém ka sauka ka huta kwana biyu. Kogin Tapajós mai ruwa garai-garai a nan yake shiga Amazon, kuma ƙauyen Alter do Chão mai farin yashi bai fi tafiyar awa ɗaya a mota ba. Daga wannan yanki ne wani Bature ɗan Ingila, Henry Wickham, ya kwashi irin bishiyar roba kimanin 70,000 a 1876. Daga irin nan aka kafa gonakin roba a Asiya, su kuma suka karya arzikin Amazon. Ragowar wancan arziki za ka gan shi a Manaus: katafaren gidan wasan Teatro Amazonas da aka buɗe a 1896, a tsakiyar daji, da kayan da aka yo oda daga Turai.

Gaba da Santarém akwai Óbidos, inda duk ruwan kogin ke matsewa ta maƙogwaron da bai kai kilomita 2 ba, sai Parintins mai bikin shanu na ƙarshen Yuni, garin da ya rabu gida biyu, masu ja da masu shuɗi. Daf da Manaus kuma ka roƙi wani ya tashe ka ko barci kake. Nan ne kogin Rio Negro, baƙi kamar shayin da ba madara, ke haɗuwa da Solimões, wato Amazon ɗin kansa mai launin laka, su jera kusan kilomita 6 ba su gauraya ba, saboda ɗaya ya fi ɗumi da nawa, ɗayan ya fi sanyi da sauri. Wanda ya taɓa tsayawa a Lakwaja ya ga haɗuwar Kwara da Binuwai zai gane abin, sai dai a nan layin kamar da wuƙa aka ja shi.

Mataki na shida: shiga daji

Daga kan babban jirgi ba a ganin namun daji, ban da dolfin mai ruwan hoda da suke kira boto, wanda yakan ɓullo ya yi huci ya nutse. In daji kake so, sai ka sauka a Manaus ka ɗauki ɗan jagora na kwana uku ko huɗu. Masu tare baƙi a filin jirgi da bakin otal ka bar su. Nemi wanda ke da rajista a Cadastur, kundin ma'aikatar yawon buɗe ido ta ƙasar, a rubuta maka abin da kuɗinka ya ƙunsa: kwana nawa, mutum nawa, wane harshe jagoran ke ji, akwai rigar kariya ko babu. Ga shawara mai tsada a kyauta: yankin baƙin ruwa, kamar tsibiran Anavilhanas kusa da Novo Airão, sauronsa kaɗan ne saboda tsamin ruwan, amma dabbobinsa ma ba su kai na ruwan laka yawa ba. Mai son ganin birai da tsuntsaye da kadoji ya nufi gandun Mamirauá kusa da Tefé, ya kuma yi sulhu da sauro.

A daji doka ɗaya ce: taka inda jagora ya taka, kada ka dafa abin da ba ka duba ba. Wasu bishiyoyin ƙaya ce tun daga gindi, wasu kuma gidan tucandeira ne, wani ƙaton cinnaka da zafin harbinsa ke kwana ya wuni. Sa dogon takalmin roba, ka zazzage shi kowace safiya. Macijin da ya fi sara a yankin shi ne jararaca, mai kwanciya cikin busasshen ganye kamar kububuwa. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A kwantar da mutum a nufi asibitin gwamnati, can ne maganin dafi yake, kuma kyauta ne har ga baƙo. A Manaus akwai babban asibitin cututtukan yankin zafi da ya ƙware a wannan.

A ruwa kuwa piranha ba ita ce abin tsoro ba, yaran wurin tare da ita suke wanka. Abin tsoro kunamar ruwa ce, irin wadda masuntan Binuwai suka sani, mai kwanciya a cikin yashi a ruwa marar zurfi. Kada ka ɗaga ƙafa ka taka, ja ta za ka dinga yi a ƙasa don ta ji ka ta gudu. Akwai kuma poraquê, yayan minjirya, wanda wutarsa ke kai bolt 600 ko fiye. Kada ka shiga ruwa da magariba ko da dare, kada ka shiga inda ake gyaran kifi, kada ka shiga inda ɗan gari bai shiga ba.

Mataki na bakwai: Solimões da bakin iyaka

Daga Manaus zuwa sama kogin sunansa Solimões, kuma nan ne tafiyar ke zama ta gaske. Garuruwa na nisa da juna, waya na ɗaukewa kwana da kwanaki, ko da yake wasu jirage yanzu suna sayar da intanet na tauraron ɗan'adam. Akwai jirgi mai gudu da ke cinye hanyar cikin kwana ɗaya da rabi, kana zaune a kujera kamar a bas. Ajiye shi don dawowa.

Wannan hanya ce ta masu safarar hodar iblis daga Peru da Kolombiya, kuma akwai 'yan fashin ruwa. Babban jirgin fasinja ba kasafai ake taɓa shi ba. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai tafiya shi kaɗai a ƙaramin kwalekwale. A 2017 an kashe wata 'yar Ingila, Emma Kelty, kusa da Coari tana tuƙa kwalekwalenta ita kaɗai. A Yunin 2022 an kashe ɗan jarida Dom Phillips da masanin ƙabilun daji Bruno Pereira a yankin kwarin Javari, ba nisa da Tabatinga. Kwarin nan ƙasar 'yan asalin daji ce, cikinsu har da waɗanda ba sa hulɗa da kowa, kuma ba a shiga sai da izinin FUNAI, hukumar gwamnati mai kula da 'yan asalin dajin. Duk wanda ya ce zai kai ka ta bayan fage, rabu da shi. Murar da kake ɗauke da ita ba ka sani ba tana iya hallaka ƙauye guda.

'Yan sandan tarayya kan tare jirgi su zazzage kaya, wani lokaci da karnuka, musamman masu gangarowa daga iyaka. Saboda haka kada ka karɓi saƙon kowa. Ko tsohuwa ce, ko wanda kuka yi kwana biyar kuna cin abinci a kwano ɗaya. Mu mutane ne masu jin nauyin a roƙe mu mu ƙi, amma a nan sai ka cije. Jakarka kuma ta kasance a kulle, don kada a saka maka abin da ba naka ba.

Tabatinga da Leticia ta Kolombiya gari ɗaya ne da titi ya haɗa, mutane na ƙetarawa a babur ba mai tambayarsu. Kada wannan ya ruɗe ka. In za ka bar Barazil da gaske, sai ka je ofishin 'yan sandan tarayya a Tabatinga an buga maka hatimin fita, sannan ka nemi na shiga a ƙasar da ka nufa. Mai zuwa Peru kwalekwale zai ƙetarar da shi tsibirin Santa Rosa, daga nan jirgi ya kai shi Iquitos, birni mafi girma a duniya da mota ba ta zuwa daga waje. Wanda bai da waɗannan bizoji, akwai jirgin sama daga Tabatinga zuwa Manaus. Abin da ka yi mako kana hawa, cikin awa biyu za ka gan shi ya wuce ta taga.

Bayan ka dawo gida

Shanye maganin rigakafin maleriya har ƙarshen kwanakin da likita ya ce, kada ka tsaya don ka sauka lafiya. In zazzaɓi ya kama ka cikin watannin da suka biyo baya, ko bayan wata shida ne, kada ka wuce kemis ka sayi abin da ka saba. Je asibiti ka ce daga Amazon kake, a duba jini a madubin likita a tantance irin ƙwayar, domin wasu kayan gwajin gaggawa da ake amfani da su a nan falciparum kaɗai suke kamawa. In vivax ce, maganin da muka saba zai kwantar da zazzaɓin amma ba zai taɓa wadda ke hanta ba. Sai an ƙara da primaquine. Shi kuma primaquine yana farfasa jinin mai ƙarancin sinadarin G6PD, ƙarancin da ya yawaita a tsakanin mazan Afirka ta Yamma. Takardar gwajin nan da ka yi kafin tafiya, ita za ka ciro ka miƙa wa likita kafin ya ɗora biro.